Ɗakin Fom da Fitilunsa Goma Sha Biyu

Idan ana maganar wutar lantarki, ban ga wanda zai ja da ni ba tun daga Sanyuanli har Xintang, duk faɗin Guangzhou, baƙo ko ɗan ƙasa. Haka nake faɗa a wurin cin abinci, haka nake faɗa a ƙofar masallaci, kuma da za a ba ni lasifika da na hau gadar sama na faɗa wa motoci. Shekara goma sha huɗu ina Guangzhou ina yi wa 'yan kasuwar Kano dillancin kayan wuta: ƙwan fitila, soket, makunni, cajar salula, fitilar caji mai rediyo a gindi. Duk lungun da ka shiga a Kano ka danna makunni haske ya zo, ka yi mini addu'a, ta hannuna ya bi. In kuma bai zo ba, wannan kayan wani dillalin ne.

Abin da ban cika faɗa ba shi ne, duk tsawon shekarun nan ban taɓa haɗa waya biyu da hannuna ba. Kwali na sani. Ka nuna mini kwali daga nesa in gaya maka ƙwai nawa ne a ciki, da guda nawa za su fashe kafin a kai Legas. Amma ranar da ƙwan ɗakina ya mutu sai da na yi kwana uku ina sa riga a baibai kafin mai gidan hayar ya zo ya canza.

Wanda ya jawo na kama filaya wani aminina ne, Alhaji mutumin Maraɗi, wanda ya girme ni da kusan shekara goma, ya kuma riga ni zuwa ƙasar. Wandunan jins yake saye a Xintang yana turawa gida ta Kwatano. Mutum ne mai sanyin magana. Kafin ya ƙarasa jimla ɗaya na yi bakwai na sha ruwa. Tun ranar da muka haɗu bai taɓa kiran sunana ba, Bakano yake ce mini, kamar ni kaɗai Kano ta haifa. Da gwiwoyinsa suka fara ba shi wahala, ciwon sukari kuma ya shigo, sai 'ya'yansa suka matsa masa ya tattara ya koma gida gaba ɗaya. Ya yarda. Ya sayi tikiti tun saura wata huɗu, don ya san halinsa, in bai saya ba zai yi ta ɗagawa.

Ranar da ya gaya mini muna zaune a wani ɗan gidan abinci na Musulmin ƙasar, kowa da kwanon taliya da romon sa a gabansa. Ya daɗe yana juya taliyar bai kai baki ba.

"Bakano, ka san wani abu? Ni ban taɓa ganin teku ba."

Na ajiye cokali. "Haba Alhaji! Kai da ko yanzu da muke maganar nan kwantenarka tana kan ruwa?"

"Kayana sun gani. Ni ban gani ba. In na shiga jirgi kwana nikai, in na hwarka an sauka. Gobe jikokina za su ce, kaka, ƙaƙa teku yake? In ce musu mi? In ce su tambayi wando?"

Na yi dariya har na sarƙe, amma shi bai yi ba. Nan na gane da gaske yake.

Mai karatu zai ce, to ai sai ku shiga mota ku je. Ba haka abin yake ba. Kogin da ya ratsa gari kullum muna ganinsa, Alhaji ya ce wannan bai fi gulbin garinsu da damina ba sai dai gadoji. Teku na sosai yake so, mai rairayi, wanda ba a hango ɗaya gefen, shi kuwa tafiyar awa huɗu ce a mota. Gwiwarsa ba za ta ɗauki zuwa da dawowa rana ɗaya ba, dole ya sami inda zai miƙe. Kuma ya yi rantsuwa ba zai ƙara neman masauki a wajen Guangzhou ba, tun wata shekara da ya je wani ƙaramin gari duba masana'anta, otal uku suka ce masa meyo, wato babu, ba su da izinin saukar da baƙin ƙasar waje, ya ƙare a zaune kan jakarsa a tasha.

Bakina ne ya riga ni. Kullum haka yake yi mini.

"In dai wannan ce matsalar, Alhaji, ka ɗauka ka ga teku. Ɗaki zan gina maka, mu tafi da shi. Da gado, da fanka, da wutar lantarki, da butar shayi."

Ya dube ni ta saman tabarau. "Kai za ka gina?"

"Da hannun nan."

"Allah shi kyauta," in ji shi, ya ci gaba da cin taliyarsa.

Ba daga sama tunanin ya faɗo mini ba. A 'yan kwanakin na kamu da kallon wasu bidiyoyi a salula, na Turawa masu gemu suna gina ɗakin tafi-da-gidanka da fom, farin nan mai tauri irin wanda ake tokare firiji da shi a kwali, sai dai nasu allo-allo ne mai kauri. Su yanka da wuƙa, su manna da gam, su lulluɓe da yadi su shafa fenti, shi ke nan ɗaki ya tashi, mutum biyu su ɗaga shi su ɗora a bayan mota. Minti goma sha biyar bidiyon yake. Na lissafa, ko da na ninka sau goma don rashin gemu, ai rana ɗaya ta isa.

Wata uku na yi.

A filin bayan siton da muke tara kaya na kafa masana'antata. Allunan fom na yi odarsu ta manhajar saye-saye a salula, washegari suka iso. Yadi kuwa Alhaji ya kawo mini, ragowar yankan jins buhu biyu daga masu yi masa ɗinki, ya ce ba zai zuba ido in sayi yadi yana raye ba. Haka ɗakin ya fito shuɗi, wani wurin ya yi duhu wani ya koɗe, har da aljihun baya guda ɗaya a gefen ƙofa, wanda na bari da gangan don ajiye makulli. Lokacin kuwa irin damshin nan ne na Guangzhou da bango ke gumi, riga ta kwana uku a igiya ba ta bushe ba. Gam ya ƙi kamawa. Na manna bangon hagu da safe, in dawo da la'asar in tarar ya kwanta kamar ya gaji. Na manne yatsuna biyu sau ɗaya, na manne silifas ɗina da ƙasa sau biyu. Amma ɗaki ya tashi. Faɗinsa daidai kwanciyar mutum biyu marasa faɗa da juna, tsawonsa kuma in ka miƙe tsaye sai ka sunkuya kamar mai gaida surukai.

Motar da za ta ɗauka ta wani direba ce ɗan ƙasar, mai ƙaramar a-kori-kura, wanda ya shekara takwas yana ɗauko mana kaya daga Xintang. Shifu muke ce masa, kamar yadda ake kiran direbobi da masu sana'ar hannu a nan. Siriri ne, ba ya son surutu, kullum da gorar shayinsa mai ganye yana yawo a ciki. Ya zagaya ɗakin sau biyu, ya ƙwanƙwasa bango, ya ɗaga kusurwa ɗaya da hannu ɗaya, ya ce zai ɗauka a matsayin kaya, mu uku mu zauna a gaba, in an isa mu shiga mu kwanta. Motar ita ce abincinsa da na iyalinsa, ya gaya mini haka tun ranar, ya nuna ta da yatsa ya nuna bakinsa.

Saura wuta. Nan ne fagena, na ce, yanzu za a ga aiki.

Sai dai akwai wata cuta da ke kama duk wanda ya daɗe a kasuwancinmu: ba ma iya biyan farashin farko. Hannu ne ba ya yarda. Ni ko ruwan gora zan saya a injin da ake jefa kuɗi, sai na tsaya na ɗan jira ko zai rage. Kuma duk dillalin da ke garin ya san yadda cinikin yake tafiya. Ka je masana'anta, a nuna maka kaya mai kyau, ka ce ya yi tsada, mutanenmu ba za su saya ba. Mai masana'anta ba zai ce maka a'a ba. Zai danna kalkuleta, ya gyaɗa kai, ya ce za a iya. Daga nan ya shiga ciki ya cire wani abu daga jikin kayan daidai da abin da ka cire daga farashi. Ka rage, ya rage. Ba cuta ba ce, kowa ya san da haka, kai ka zaɓi matakin da za ka tsaya. Ni da bakina na sha ce wa mai yin wayar wuta ya sirantar da ita kaɗan, ba za a lura ba. Har gwaji gare ni da nake yi a gaban kwastoma don ya san da ƙwararre yake tare: in feɗe waya, in kunna leta a ƙarƙashin silin. In jan ƙarfe ne na gaske zai yi ja ya tsaya da ƙafarsa. In alminiyon ne aka yi wa wankan jan ƙarfe, nan take zai lanƙwashe ya zube kamar gashi.

To, na shiga manhaja na zaɓi kayana: batir, fitilu, makunnai, fanka, butar shayi mai aiki da batir, da naɗin wayar wuta ja da baƙa wadda ta zo da ɗan akwatin fis. Farashi a rubuce yake, danna kawai za ka yi. Na kai yatsa zan danna, yatsa ya ƙi. Sai na ga akwai wurin da ake yi wa mai kaya magana. Na rubuta masa, salula tana fassarawa, na ce laoban, wato maigida, ni babban dillali ne, wannan gwaji ne kawai, in kaya sun yi kyau kwantena zan ɗauka. Ƙaryar da nake yi a kowace masana'anta ke nan, har ta zame mini kamar sallama. Ya rage. Na ce bai isa ba. Ya turo wani dogon saƙo, ban tsaya karantawa ba, ni dai na hango sabon farashi a ƙarshensa, na tura masa hoton babban yatsa. Na wuni ina ba mutane labari: na yi ciniki da intanet, na kuma kayar da ita.

Fitila goma sha biyu na saya. Alhaji ya ƙirga su a kan tabarma, ya sake ƙirgawa.

"Bakano, ɗaki ne ko hilin ƙwallo?"

"Alhaji, ba ka san tsari ba. Huɗu na karatu, huɗu na cin abinci, biyu na waje don masu zuwa gaisuwa, biyu kuma na ado."

"Wa za ya zo gaishe mu bakin teku?"

"In suka ga hasken za su zo."

Yadda ake sa waya a ɗakin fom abu ne mai daɗi, shi ya sa ban yi zargin komai ba. Ka ɗauki wuƙa ka tsaga ɗan kwari a jikin fom, ka kwantar da waya a ciki, ka cike da gam, ka mayar da yadi a kai. Ba a ganin komai, sumul. A bidiyon na ga Baturen yana zura tasa wayar cikin wani siririn bututu kafin ya binne, yana kuma ja wa kowane abu layinsa daban. Na ce wannan ɓarna ce ta wanda bai san darajar waya ba. Ni a shagon kawuna na tashi, inda soket ɗaya ke ɗauke da firiji da fanka da talabijin da cajar maƙwabta shida, kuma har yau shagon yana nan. Saboda haka na ja layi ɗaya tak daga batir, ya hau bango, ya ratsa tsakiyar rufi, kowa ya sha daga jikinsa: fitilu, fanka, buta. Inda waya ta haɗu da waya na murɗa da filaya na naɗe da salatif. Kwana tara na yi ina wannan aiki, kuma ban haɗa batir ko sau ɗaya na gwada ba, saboda na ƙudurta kunnawar farko a gaban jama'a za a yi ta.

Na sa ranar: Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Asabar da safe mu kama hanya, Lahadi mu dawo, Talata jirgin Alhaji ya tashi. Babu wata Asabar a bayan wannan.

Mutum kusan ashirin suka biyo ni filin sito, Kanawa da mutanen Nijar da wasu 'yan Gana biyu da suka ji ana cewa za a sha shayi. Shifu ya zo da motarsa don a ɗora ɗakin tun ranar. Na sa sabuwar shadda. Na yi ɗan jawabi, wanda aka ce mini daga baya ya kai rabin awa. Sannan na sa Alhaji ya shiga ya zauna a kan katifa, na maƙala kan batir, na yi bisimilla na danna makunni.

Ƙyas. Haske ya yi ƙiftawa ɗaya ya ɗauke.

"An ɗauke!" in ji wani daga baya. "Wallahi har nan suka biyo mu!"

Aka fashe da dariya. Na ce a kwantar da hankali, fis ne. Na buɗe akwatin, na sa na biyun da ya zo a leda, na sake dannawa. Ƙyas.

Yanzu da nake rubuta wannan na san abin da ɗan fis ɗin nan yake ƙoƙarin gaya mini. Sau biyu ya ba da ransa don ya ce mini kayan sun fi ƙarfin wayar. Amma ni a inda na taso ba a sauraron fis. Fis in ya ƙone, raini ne, maganinsa a ɗaure bakinsa da silin waya a ci gaba da harka. Kuma ba ni kaɗai ba, duk wanda ke filin nan haka ya sani. Mutum uku suka ce a tare, "Ɗaura masa waya mana!" Wani har ya miƙo mini guntun waya mai kauri daga aljihunsa, kamar dama da ita yake zuwa masallaci. Shifu ne kaɗai ya matso yana girgiza hannu yana faɗin wani abu da sauri. Na dafa kafaɗarsa na ce masa da yarensu babu matsala, kalmar da na fi ƙwarewa a kanta ke nan.

Na ɗaura. Na danna.

Jama'a, ɗakin nan ya kama. Da rana tsaka, amma sai da haske ya fito ta ƙofa ya kwanta a ƙasa. Alhaji yana zaune a tsakiya ya runtse ido kamar wanda za a yi wa tiyata. Fanka ta ɗauka. Aka yi tafi, wani ya yi kabbara, 'yan Gana suka ciro salula suna ɗauka. Ban taɓa jin daɗi irin na wannan minti uku ba, har da ranar aurena. Na ce to a ɗora shayi, na danna butar.

Alhaji ne ya fara ji.

"Bakano, mi ka ƙauri?"

"Sabon abu ne, Alhaji. Haka sabon kaya yake yi."

"Sabon kaya na ɗigo bisa hula?"

Na ɗaga kai. Wani baƙin layi ne ya fito a jikin jins ɗin rufi, tiryan-tiryan, daidai inda na binne waya, kamar ana ja da alƙalami. A tsakiya, wurin da na murɗa wayoyi biyar wuri guda, yadin ya lotsa, ya yi tumbi, sannan ya buɗe. Fom ba ya ci da harshe irin na itace, janyewa yake yi kamar kitse a kasko, yana wani hayaƙi mai ɗaci. Kafin in tuna ta ina ake kashewa, Shifu ya ture ni gefe, ya fizge kan batir da hannu ɗaya, ya juye gorar shayinsa a kan ramin. Mutum biyu suka ciro Alhaji ta ƙofa, takalminsa ɗaya a ciki. 'Yan kallo kuwa, waɗanda suka ce a ɗaura waya su suka fara kai wa bakin titi.

Da hayaƙi ya lafa, sai ga rami a tsakiyar rufi, faɗin faifai, ana hango sama.

Shifu bai yi faɗa ba. Ya nuna ɗakin, ya nuna motarsa, ya gicciya hannuwansa biyu. Wannan abu ba zai hau motarsa ba, ko yau ko gobe. Ya ɗauki gorarsa da babu komai a ciki ya nufi mota.

Na juya wurin Alhaji, ina jiran ya zage ni, don da ya zage ni da na sami sauƙi. Yana zaune a kan wani kwali yana goge hularsa da gefen riga.

"Bar shi, Bakano," ya ce a hankali. "Ba komi. Allah bai nuhwa ba. Na gani cikin talabijin ai."

Wallahi da mari ya kwaɗa mini da ya fi.

Na yanko guntun wayar da ta rage, na feɗe, na karɓi leta a hannun wani na kunna a ƙarƙashinta. Silin ya lanƙwashe ya zube. Gwajin da na yi wa baƙi sau ɗari, ban yi wa kaina ba. Na buɗe salula na koma kan dogon saƙon nan da ban karanta ba. Ga shi nan ɓaro-ɓaro, bawan Allah ya rubuta: a wannan farashin siririya zai ba ni, ba jan ƙarfe ba ce, ta ƙananan fitilu biyu ko uku ce kawai, kada a ɗora mata abu mai zafi, na yarda? A ƙasa kuma ga babban yatsana, tsaye, cike da alfahari.

Na bi Shifu da gudu, shadda tana harɗe ni, na riske shi ya riga ya tayar da mota. Da guntun yarensu da nake da shi, da salula, da hannu, na gaya masa abin da ban gaya masa ba tun farko: tsohon nan Talata zai tafi, ba zai dawo ba, shekarunsa duka a nan bai taɓa ganin teku ba. Shifu ya leƙa ta madubi ya daɗe yana kallon Alhaji a kan kwalinsa. Sannan ya kashe mota ya ɗaga yatsu uku. Na ɗaya, duk wata waya da ke jikin ɗakin a zare ta, yana tsaye yana gani. Na biyu, batir a sito zai kwana, ba zai bi mu ba. Na uku, ni da kaina ba zan taɓa komai a motarsa ba, ko rediyo.

Na buɗe baki in ce ko a bar fitila ɗaya, ƙarama, ta karatu. Na ji maganar ta taso har maƙogwaro. Na haɗiye ta. Tunda na zo ƙasar nan, wannan ne karo na farko da aka faɗa mini farashi na ce na saya.

Abin da na binne a kwana tara, kafin magariba na tone shi. Waya in ka ja ta daga cikin fom ba ita kaɗai take fitowa ba, da yadi take tahowa da gam da ɓarɓashi, har ɗakin ya koma kamar wanda kura ta yi wa susa. Alhaji ya riƙe mini tsani, yana ba da umarni daga ƙasa, ga wata can, ga wata nan, ka bar jela. Fitilun kuwa suka ƙi fita, don gam ɗin da ya ƙi kama bango wata uku a jikinsu ya nuna bajintarsa. Shifu ya duba ya ga babu abin da ke bayansu, ya ce a bar su. Ramin rufi na rufe shi da farar ledar naɗe kaya, na zagaye da salatif ɗin kwali.

Asabar da hantsi muka fita daga gari, mu uku a gaba kamar kifin gwangwani, hannuwana a kan cinya kamar ɗan makaranta. Alhaji bai yi barci ba ko na minti ɗaya. Muka wuce masana'antu, muka wuce gonakin ayaba da tafkunan kifi, muka ratsa ta cikin duwatsu. Wajen azahar hanya ta yi kwana, wasu gidaje suka kauce, sai ga shi.

Ba zan ce na iya kwatanta fuskar Alhaji ba. Ya sauko da kyar, ya cire takalmi ya riƙe a hannu, ya naɗe wando, ya taka rairayi a hankali har ruwa ya zo ya shafi ƙafarsa ya koma. Ya ja da baya, ya sake matsawa. Ya sunkuya duk da gwiwar, ya ɗebo a tafin hannu ya ɗanɗana, ya tofar.

"Gishiri ne kau da gaske."

Can nesa wani jirgin ruwa yana tafiya kamar ba ya motsi, kwantenoni jere a bayansa kamar akwatunan ashana. Ya daɗe yana kallonsa.

"Bakano, ina ne Kwatano daga nan?"

Na nuna masa wani gefe da cikakken tabbaci. Shifu, da ya fahimci tambayar daga hannuna, ya kama hannun nawa ya juya shi wani gefen daban.

Alhaji ya fi awa ɗaya a tsaye a wurin. Ya kira gida, ya ɗaga salula sama kawai don su ji ƙarar ruwa. Da muka yi salla a kan rairayi, gwiwar ta ce ta gaji, muka taimaka masa ya hau bayan mota ya shiga ɗakin ya miƙe. Na bi shi na kwanta a gefe, na jawo ƙofa don iska.

Ciki duhu ne, saboda taga ɗaya na yi, ƙarama, na dogara da lantarki. Fitilu goma na ciki suna jere a sama suna kallonmu, kowacce ina hango fuskata a gilashinta. Amma ta ramin nan rana ta sauko, zagayayye, fari tas, ta kwanta a kan cikin Alhaji. Har ana iya karatu. Na ji ƙarfina yana dawowa kaɗan-kaɗan.

"Ka san, Alhaji," na ce, "in ka duba da kyau, Turawan nan kuɗi suke kashewa musamman su yi taga a rufi. Dama tana cikin tsarina, lokaci ne bai ba ni ba. Ni abin da nake so mutane su gane game da harkar wuta..."

Bai juyo ba. Ya ɗaga hannu ya nuna ramin da carbinsa.

"Bakano, duk cikin hitilunka wagga ɗai ka aiki. Ita ma ba kai ka kunna ta ba."